Yadda Za Ka Sa Sabar Fayil ta Gida Ta Yi wa Masu Bincike Lissafi

Sabar fayil da ke gida, irin ƙaramar na'urar da ake kira NAS ko tsohuwar kwamfutar da aka cika da faifan ajiya, ba a kashe ta dare da rana. Amma furosesar da ke cikinta kusan kullum a zaune take. Miƙa hoto ga waya ko karɓar kwafin takardu da tsakar dare ba ya cin kashi goma cikin ɗari na ƙarfinta. Wannan rarar ce ayyukan lissafin sa-kai suke nema: masu bincike su yanyanka babban lissafi ƙanana-ƙanana, su rarraba wa dubban kwamfutocin jama'a ta intanet, kowace ta yi nata ta mayar.

Al'amarin ya daɗe. GIMPS, mai farautar manyan lambobin da ba sa rabuwa, ya fara a 1996. SETI@home ya biyo baya a 1999, ya kuma daina rarraba aiki a watan Maris na 2020. Folding@home ya taso daga Jami'ar Stanford a 2000. A 2002 kuma Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta fitar da BOINC, manhaja guda da ayyuka da dama suke hawa kanta. Abin da zan nanata a jagorar nan shi ne, sabarka an saye ta ne don ta tsare fayil. Lissafin nan baƙo ne a gidan, kuma baƙo ba ya kwace ɗakin mai gida. Duk saitin da ke tafe daga nan ya samo asali.

Mataki na 1: San abin da ke cikin akwatin

Kafin ka sauke komai, nemo abu uku: irin furosesa, yawan RAM (ma'ajin wucin gadi da na'ura ke aiki da shi), da tsarin da ke tafiyar da sabar. Idan kana iya shiga ta SSH, wato hanyar tura wa sabar umarni a rubuce daga wata kwamfutar, `lscpu` da `free -h` za su gaya maka na farko da na biyu. In ba haka ba, shafin bayanin na'urar ya nuna su.

Furosesa iri biyu ce za ka fi cin karo da ita. Akwai dangin x86, kamar Intel Celeron J4125 mai ƙwaya huɗu (ƙwaya ita ce sashen furosesa da ke iya yin aikinsa daban), ko N100, ko Ryzen V1500B. Akwai kuma dangin ARM, irin na Realtek da ake sawa a ƙananan na'urori masu araha. Kusan kowane aikin BOINC yana da manhajar x86, amma ba kowanne ke da ta ARM ba, don haka mai ARM sai ya duba shafin manhajojin aikin kafin ya wahalar da kansa. Ko a cikin x86 ɗin akwai bambanci: J4125 ba ta da umarnin AVX da lissafin kimiyya ke amfana da shi, N100 kuwa tana da shi. Rashinsa ba ya hana aiki a mafi yawan lokuta, yana dai rage gudu.

RAM ce ta fi yanke hukunci. Na'ura mai gigabait 1 ko 2, shawarata ka ƙyale ta ta yi aikinta. Daga gigabait 4 ana iya farawa a hankali, daga 8 kuma akwai sarari. Idan sabar tana amfani da tsarin ajiyar fayil na ZFS, kamar mai manhajar TrueNAS, ka tuna cewa ZFS yana cika RAM da fayilolin da ake yawan buɗewa don su fito da sauri. Duk abin da lissafi ya karɓa, daga bakin wannan ma'ajin ya fito.

Mataki na 2: Auna zafi da wuta tun ba ka fara ba

Mutane da yawa suna tsallake wannan, daga baya su rasa abin da za su gwada da shi. Rubuta zafin furosesa da na kowane faifai lokacin da sabar ba ta aikin komai. A Linux, `sensors` na nuna na furosesa, `smartctl -a /dev/sda` kuma na nuna na faifai. Na'urorin NAS na Synology da QNAP da manhajar saba ta Unraid duk suna nuna waɗannan a shafinsu.

Ba furosesar ce abin tsoro ba, domin ita ta san yadda za ta rage gudu in ta yi zafi. Faifan ne. A ƙaramin akwati iska ɗaya ce take bi ta kan su duka, sau da yawa fanka ɗaya ce rak. Masu ƙera faifan NAS sukan sa iyaka a kusan digiri 60 zuwa 65, amma ba wanda ke son bayanansa su zauna a bakin iyaka shekara da shekaru. Ni dai nakan so in ga faifai a ƙasa da 45. In tun yanzu naka yana kan 44 ba tare da wani aiki ba, gyara iskar wurin tukuna: share ƙura, janye na'urar daga bango, fitar da ita daga rufaffen kabad.

Batun wuta lissafi ne mai sauƙi. Ƙarin wat 10 dare da rana ya kama kilowat-awa 7.2 a wata, kimanin 88 a shekara. Ƙaramar NAS ba za ta wuce haka da yawa ba, amma tsohuwar kwamfutar tebur da aka mayar saba tana iya ƙara wat 50 ko 60, wato ninki biyar ko shida. Ƙaramar mitar da ake sawa a soket za ta nuna maka ainihin adadin. Ninka shi da abin da kake biya, ka ga ko kyautar da za ka iya ce.

Mataki na 3: Zaɓi aikin da ya dace da ƙarfinka

Ga ƙaramar saba, BOINC ya fi dacewa, saboda yana ba ka iko a kan komai kuma akwai ayyuka masu nauyi daban-daban.

Einstein@Home, wanda ya fara a 2005, yana neman taurari masu juyawa da ake kira falsa, da kuma girgizar sararin samaniya a bayanan LIGO, tashoshin da ke auna irin wannan girgizar. A 2010 kwamfutocin 'yan sa-kai suka gano falsarsa ta farko a bayanan tashar Arecibo. World Community Grid, da IBM ta kafa a 2004 kafin ya koma hannun Cibiyar Bincike ta Krembil a Toronto, ya fi karkata ga lafiya, kuma yawancin ayyukansa ba su da nauyi, ko da yake aikin yakan yanke a wasu lokuta. Asteroids@home da MilkyWay@home na masu sha'awar sama ne. PrimeGrid na masu son lambobi.

Akwai waɗanda sai an yi hattara. Rosetta@home, na ɗakin binciken David Baker a Jami'ar Washington, wanda ya samu kyautar Nobel ta ilimin sinadarai a 2024, aiki ne mai daraja, amma kowane yankinsa yana iya cin gigabait guda na RAM ko fiye. Climateprediction.net na Oxford yana aiko da aikin da kan ɗauki kwanaki ko makonni, kuma ba ya son a riƙa katse shi. Wasu ayyukan LHC@home na CERN suna buƙatar VirtualBox, manhajar da ke kwaikwayon wata kwamfuta a cikin taka, wanda da wuya ya yi maka aiki a cikin kwantenar NAS da za mu yi bayani a mataki na 5.

Folding@home fa? Yana da kyau, shi ne ma ya zarce ƙarfin eksaflof guda, wato lissafi biliyan sau biliyan a daƙiƙa, a 2020 lokacin annobar korona. Sai dai mafi yawan ƙarfin nan daga katin hoto yake fitowa, kuma yana son a mayar da aiki da wuri. Celeron mai ƙwaya biyu a kan aikin za ta yi ta fama da wa'adi. In sabarka babba ce mai katin hoto, to wannan wani zance ne. Shi kuma mprime na GIMPS, da shi ake gwada juriyar furosesa saboda tsananin zafin da yake tayarwa; ba shi zan sa kusa da faifan ajiya a ƙaramin akwati ba.

Fara da aiki ɗaya. Buɗe asusu a shafinsa daga wata kwamfutar, ka nemo makullin asusun a shafin bayananka. Yawancin ayyuka suna ba da makulli biyu, cikakke da mai rauni. Ɗauki mai raunin: yana haɗa na'ura da asusun, amma ba a iya shiga da shi a canza maka komai.

Mataki na 4: Tanadi wurin zaman bayanan

Wannan ne matakin da ya bambanta saba da kwamfutar tebur. BOINC yana yawan rubuta inda aka kwana, domin in an kashe na'ura ya ci gaba daga nan. A saitin asali, aiki na iya yin rubutun kowane daƙiƙa 60. Idan foldar tana kan manyan faifan da ke juyawa, ba za su ƙara yin barci ba, kuma ƙaramin rubutu ba ƙaƙƙautawa a kan RAID, wato faifai da dama da aka haɗa su yi aiki kamar guda, yana taɓa faifai fiye da ɗaya kowane karo. Wanda ya saba faifansa suna kwanciya in ba a amfani da su, zai ga wutar da suke ci a farke ta kusa kai ta furosesar, domin kowane babban faifai yana cin 'yan wat muddin yana juyawa.

Maganin shi ne ka sa foldar a kan SSD, faifan da ba ya juyawa, in akwai: wadda tsarin ke kai, ko ma'ajin sauri na Unraid, ko wani ƙaramin rukuni na daban. Gigabait 10 ya isa. Ƙirƙiri folda ta musamman, kada ka raba ta a hanyar sadarwar gida, kuma ka cire ta daga jadawalin kwafin ajiya da na hoton-yanayi (snapshot). Ba abin da ke cikinta da ya cancanci a adana, kuma tana canzawa kowane minti, sai ta cika maka wuri a banza.

Mataki na 5: Girka manhajar

Hanya mafi tsabta ita ce kwantenar Docker, wato keɓaɓɓen wuri da manhaja ke gudana a ciki, saboda manhajar ba za ta ga komai a sabar ba sai foldar da ka miƙa mata. A Synology ana yin haka ta Container Manager, a QNAP ta Container Station, a Unraid ta shafin manhajojin jama'a, TrueNAS kuma ya koma Docker tun sigar 24.10. Ta layin umarni kuwa:

```
docker run -d --name boinc --restart unless-stopped \
  --net=host --pid=host \
  -v /hanyar/foldarka:/var/lib/boinc \
  -e BOINC_GUI_RPC_PASSWORD="kalmar-sirrinka" \
  -e BOINC_CMD_LINE_OPTIONS="--allow_remote_gui_rpc" \
  boinc/client
```

Kula da `--pid=host`. Shi ke ba BOINC damar ganin sauran ayyukan sabar, har ya san lokacin da ya kamata ya ja da baya. In babu shi, daga cikin kwantena zai ɗauka shi kaɗai ne a na'urar. Mai furosesar ARM sai ya zaɓi sigar `boinc/client` da aka yi wa ARM. Kada ka miƙa wa kwantenar wata folda bayan wannan, kada kuma ka ba ta cikakken iko.

Idan sabarka Debian ce ko Ubuntu tsantsa, `sudo apt install boinc-client` ya wadatar. Bayanan za su zauna a `/var/lib/boinc-client`, manhajar kuma tana gudana ƙarƙashin asusunta na daban. Tabbatar asusun nan ba shi da izinin karanta foldodin iyalinka.

Mataki na 6: Sa iyaka kafin ka karɓi aiki

Tsarin ya zama haka: iyaka tukuna, sannan aiki. In ka juya shi, BOINC zai kwaso aiki daidai da duk ƙwayoyin furosesar ya hau su gaba ɗaya. A cikin foldar, ƙirƙiri fayil mai suna `global_prefs_override.xml`:

```
<global_preferences>
  <max_ncpus_pct>50</max_ncpus_pct>
  <cpu_usage_limit>100</cpu_usage_limit>
  <suspend_cpu_usage>25</suspend_cpu_usage>
  <ram_max_used_busy_pct>25</ram_max_used_busy_pct>
  <ram_max_used_idle_pct>25</ram_max_used_idle_pct>
  <disk_max_used_gb>10</disk_max_used_gb>
  <disk_interval>600</disk_interval>
  <work_buf_min_days>0.2</work_buf_min_days>
  <work_buf_additional_days>0.1</work_buf_additional_days>
</global_preferences>
```

Sannan ka sa ya karanta: `docker exec boinc boinccmd --read_global_prefs_override`.

Layi biyu na farko suna kama da juna, amma ba ɗaya ba ne. Na farko yana cewa a yi amfani da rabin ƙwayoyi, wato biyu cikin huɗu, a bar sauran ga sabar. Na biyu, in ka rage shi, BOINC zai riƙa tsayar da aiki yana tayarwa kowane 'yan daƙiƙoƙi. Zafi sai ya yi ta hawa da sauka, fanka ta yi ta canza murya, wanda ke kwana kusa da na'urar ya rasa barci. Bar shi a 100, ka rage yawan ƙwayoyi in kana son sauƙi.

Layin RAM na biyu shi ne tarkon da ba a gani. BOINC yana da iyaka biyu, ta lokacin da mutum ke amfani da kwamfuta da ta lokacin da ba kowa, kuma ta biyun a asali kashi 90 ce. Yana gane ana amfani da kwamfuta ne ta motsin linzami da allon rubutu. Saba ba ta da ko ɗaya, don haka a wurinsa kullum ba kowa, ko da mutum biyar suna kallon bidiyo daga cikinta. Shi ya sa aka daidaita su biyun. In RAM ta ƙare tsarin ya fara aro daga faifai, a nan ne za ka ji sabar ta yi nauyi na gaske.

`suspend_cpu_usage` yana dakatar da lissafi duk lokacin da sauran ayyuka suka wuce kashi 25 na furosesa. Gaskiya ne BOINC yana tafiyar da ayyukansa a matsayi mafi ƙasa, tsarin yana ba kowa hanya kafin su. Amma matsayi ba ya raba hanyar RAM da ma'ajin cikin furosesa, kuma ba ya rage zafi. Mai sauya bidiyo da Plex ko Jellyfin zai ga amfanin wannan layin. `disk_interval` ya mayar da rubutun inda aka kwana zuwa minti goma. In wuta ta ɗauke, abin da za ka rasa shi ne aikin da aka yi tun rubutun ƙarshe. Layuka biyu na ƙarshe suna hana shi tara aikin kwanaki da ƙaramar furosesa ba za ta gama kafin wa'adi ba.

Wani zai ce me ya sa ba a sa iyakar a Docker ba, da `--cpus`? Ana iya yi, amma wasu na'urorin Synology suna ƙin karɓar umarnin saboda zuciyar tsarinsu ba ta da abin da yake buƙata. Ban da haka, in Docker ne ya matse shi ba tare da saninsa ba, BOINC zai tayar da ayyuka huɗu su yi ta cunkoso a wurin biyu.

Mataki na 7: Haɗa aikin, ka rufe ƙofa

```
docker exec boinc boinccmd --project_attach adireshin-aikin makullinka
```

Bayan 'yan mintuna, `boinccmd --get_tasks` zai nuna abin da ya sauko (in a Docker kake, sa `docker exec boinc` a gaban kowane umarnin `boinccmd`). Wanda ya fi son gani da ido sai ya girka BOINC Manager a kwamfutarsa, ya zaɓi haɗawa da wata na'ura, ya sa adireshin sabar da kalmar sirrin. Ta ƙofa mai lamba 31416 suke magana.

Ƙofar nan ta cikin gida ce kawai. Kada ka buɗe ta a rauta. BOINC shi ke fita ya nemi aiki, ba ya buƙatar kowa ya shigo masa daga waje. Duk wanda ya samu ikon ta yana iya haɗa sabarka da aikin bogi, wanda ke nufin ya sa ta gudanar da manhajar da ya ga dama. In kana son ƙara tsaro, cire `--allow_remote_gui_rpc`, ka rubuta adireshin kwamfutarka kaɗai a fayil mai suna `remote_hosts.cfg`. Saboda wannan dalilin dai, tsaya ga ayyukan da ke jerin BOINC na hukuma. Kuma in sabar ta ofis ce ko ta makaranta, kada ka girka sai da izinin mai ita.

Idan aikin mai cin RAM ne, ƙirƙiri `app_config.xml` a foldarsa da ke ƙarƙashin `projects`, ka sa `<project_max_concurrent>1</project_max_concurrent>` a tsakanin `<app_config>` da `</app_config>`. Ba zai ƙara tayar da fiye da ɗaya a lokaci guda ba.

Mataki na 8: Sa ido a makon farko

Koma ga lambobin da ka rubuta a mataki na 2. Duba zafin faifai da tsakar rana, lokacin da ɗakin ya fi zafi, ba da asuba ba. Ƙarin digiri biyu ko uku ba komai. In ya haura fiye da haka, rage zuwa ƙwaya ɗaya, ko ka ƙara gudun fanka, ko ka taƙaita aikin ga dare ta hanyar ƙara `start_hour` da `end_hour` a fayil ɗin saitin. Kwafi babban fayil daga sabar ka ga ko gudun ya sauya.

Duba kuma shafin ayyukanka a gidan aikin. Yawancinsu suna aika yanki ɗaya ga kwamfuta biyu ko fiye su gwada amsoshin, don haka makin da ake ba ka kan aikin da ka gama na iya jinkiri har sai ɗayar ta gama. Wannan ba matsala ba ce. Abin damuwa shi ne a riƙa cewa amsarka ba daidai ba ce, ko aikin ya riƙa mutuwa da kuskuren lissafi. Wani lokaci laifin manhajar aikin ne, za ka ga kowa yana kuka da shi. In kai kaɗai ne, zargi RAM ɗinka ko zafi, ka dakatar da komai ka gwada ta da Memtest86+. RAM ɗin da ke ɓata lissafi ita ce dai fayilolinka suke bi ta ciki kafin su sauka kan faifai.

Mataki na 9: Lokutan da dole ya tsaya

Umarnin dakatarwa shi ne `boinccmd --set_run_mode never`, na komawa kuma `boinccmd --set_run_mode auto`. Sa su a jadawalin sabar, kafin da bayan binciken lafiyar faifai na wata-wata da manyan kwafin ajiya. Idan faifai ya mutu kana sake gina RAID, kashe kwantenar gaba ɗaya har a gama. A sa'o'in nan sauran faifan suna aiki tuƙuru, sun fi kowane lokaci zafi, kuma in wani ya sake faɗuwa bayanan na iya tafiya.

Mai UPS, wato batirin da ke riƙe na'ura in wuta ta ɗauke, shi ma yana da aiki. Saitin BOINC na tsayawa in ana kan batir an yi shi ne don laftof, kada ka dogara da shi a nan. Furosesa mai aiki tana cinye batirin da aka tanada don a kashe sabar lafiya. In kana amfani da NUT, manhajar da ke sa ido kan UPS, sa shi ya kira umarnin dakatarwa da zarar wuta ta ɗauke. In ba haka ba, rage lokacin da sabar ke jira kafin ta kashe kanta.

Mataki na 10: In za ka daina

Kada ka goge kwantenar da aiki a hannunta, domin gidan aikin zai jira har wa'adi ya cika kafin ya ba wani, wanda aka haɗa ku kuma ya yi ta jiran makinsa. Fara da `boinccmd --project adireshin-aikin nomorework`, ka bar abin da ke ƙasa ya ƙare. In kana sauri, soke ragowar ayyukan ta BOINC Manager, sannan ka tura `update` a madadin `nomorework` don a sanar da su nan take. Daga nan sai `detach`, ka tsayar da kwantenar, ka goge foldar. Asusunka da makinka suna nan a gidan aikin, makullin nan dai zai sake haɗa ka duk ranar da ka dawo da wata na'urar.